Hantar Ragon da Aka Ce a Ƙone

Mutum na farko da ya tarbe mu a ƙasar bai amsa sallamarmu ba. Hannu ya miƙo, ya ce fasfo. Muka ba shi, ni da Malam Isah, ya cusa su cikin aljihun rigar sanyinsa. Ban sake ganin nawa ba sai bayan wata takwas, a hannun ɗan sanda.

Ba zan faɗi sunan ƙasar ba. Tana gabashin Turai, kuma har yau akwai 'yan Kebbi a can da ba su da takarda, ba na son a ce bakina ya jawo musu wani abu. Abin da dillalin da ya shirya mini tafiyar ya faɗa mini a Jega shi ne, wata babbar mayanka ce take neman Musulmi masu yanka saboda naman da take tura wa Larabawa. Ni yanka na gada. Kakana barunje ne, wato mahauci, ubana barunje, ni ma shekara ashirin da shida ina riƙe da wuƙa a kasuwar Jega. Malam Isah kuwa mutumin Aliero ne, manomin albasa, kuma shi yake limanci a masallacin unguwarsu. An ce masa ana son mai karatu da zai tsaya kan masu yanka ya shaida an ambaci sunan Allah. A cikin jirgi muka san juna. Kafin mu sauka ya sa mini suna Barunje, ni kuma na ce masa ɗan albasa, haka muka ci gaba har ƙarshe.

Zangonmu na farko wani gida ne a bayan gari, mu tara a ɗaki ɗaya. Sanyi kamar ana yanka mutum da reza. Mayankar da aka ce, ba mu gan ta ba. Mai riƙe da fasfo ɗinmu ya ce an rufe ta, mu jira. Duk bayan kwana biyu ko uku sai wata farar mota ta zo, a nuna mutum da yatsa, ya ɗauki jakarsa ya shiga. Ba wanda ya taɓa dawowa ya ce mana ga inda aka kai shi. Wani ɗan Maiyama da muka tarar a gidan ya bar mini bargonsa ranar da aka nuna shi. Ko sunansa ban riƙe ba, kuma ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Daga nan aka kai mu wani rumbun kabeji, muka yi mako biyar muna ɓare ruɓaɓɓen ganye da hannu har yatsunmu suka tsage. Sannan wata safiya farar motar ta sake zuwa, aka nuna mu biyun tare.

Ta yi ta tafiya da mu cikin daji mai dogayen itatuwa, har muka iso wani wuri da aka kewaye da waya. Tun daga ƙofa hancina ya faɗa mini akwai dabbobi a ciki, amma wani abu bai yi daidai ba. Inda dabba take, akwai kuka, akwai warin kashi, akwai ƙuda. Nan shiru, kuma warin asibiti yake yi.

Malam Isah ya matso kusa da ni, ya ce, “Barunje, wanga wuri ba mayanka ba ne.”

Na ce, “Na sani. Ka yi shiru dai.”

Wurin gwajin magani ne. Kafin a bai wa mutum sabon magani, sai a fara ɗura wa dabba a ga abin da zai yi mata. Ɓeraye farare ɗaki guda, ba sa ƙirguwa. Zomaye ɗaki biyu. A can baya kuma akwai rumfar tumaki, kowace da lamba a kunne da fenti a gadon baya. Aikinmu wanke keji, ba da abinci, da riƙe dabba idan za a yi mata allura. Wadda ta mutu mu sa ta a wata jaka mai ruwan ɗorawa, mu ɗaure, mu kai ɗakin sanyi. Mota tana zuwa ta kwashe jakunkunan ta kai inda ake ƙonewa. Ba mai buɗe su. Wannan na lura da shi tun makon farko.

Na yanka dabbar da ban san yawanta ba a rayuwata, ban taɓa jin komai ba. Ka ba ta ruwa, ka kwantar da ita, ka ambaci Allah, kafin ta san abin da ake ciki an gama. Amma zomon da ka riƙe jiya, ka riƙe yau, za ka riƙe gobe, kana jin zuciyarsa tana bugawa a tafin hannunka, gashinsa yana zubewa kaɗan kaɗan har mako uku, wannan wani abu ne daban. Malam Isah kan yi salati ƙasa ƙasa duk lokacin da aka soka allurar. Turawan suka ɗauka waƙa yake yi.

Mutum biyu ne suka ɗauke mu mutane a wurin. Ɗaya wata tsohuwa ce mai shara, muka sa mata Gwaggo. Ba ta jin Turanci, mu ba mu jin yarensu, amma ranar da ta ga ina taka ƙanƙara da takalmin roba, washegari ta zo mini da manyan takalma na fata, ta nuna sama da yatsa, na gane na mijinta ne da ya rasu. Ɗayar likita ce, doguwa mai tabarau, Dokta kawai muke ce mata don sunanta ya fi ƙarfin harshenmu. Ita ce ba ta taɓa yi mana tsawa ba.

Da sanyi ya fara sauƙi sai muka ga kejin da ya zama wayam ba a sake cika shi. An daina kawo sababbin ɓeraye. Zomaye suka koma ɗaki ɗaya. Wata rana aka kira mu mu ɗauki wani firiji mu kai sabon ginin da aka buɗe a gaba, muka tarar da Dokta a ciki. Ta yafito mu tana murmushi, ta nuna mana wani ɗan gilashi da bai fi katin waya girma sosai ba, da 'yan siraran tiyo a jikinsa. Malam Isah ya fi ni Turanci, ni a aji biyu na sakandare na ajiye, don haka shi ya yi ta tambaya yana juyo mini.

“Ta ce hantar mutum ce ciki nai.”

“Hantar mutum? Cikin wanga abin?”

“Ƙwayoyinta dai, masu rai. Ta ce in anka yi ma mutum aiki asibiti, sai a roƙe shi ɗan guntun da anka cire, su raya shi nan. Sai su zuba magani ta wanga tiyo, kwamfuta tana kallon abin da za ya faru. Ta ce akwai na huhu, akwai na fata. Ba su buƙatar zomo kuma.”

Dokta tana ta magana, fuskarta kamar an yi mata haihuwa. Ni ma gaskiya abin bai ɓata mini rai ba, don na tuna zomon nan. Sai Malam Isah ya tambaye ta da Turancinsa na gargajiya, in ba dabba, mu fa? Murmushin ya ɗauke. Ba mugunta ba ce. Ba ta taɓa tunanin ba ne kawai.

Amsar ta zo daga bakin mai riƙe da fasfo. Ya ce ranar da aka rufe rumfar tumaki, farar mota za ta zo, kuma ba lallai a kai mu wuri ɗaya ba.

Tumaki goma sha huɗu suka rage. Aka ce ranar wata Litinin likitan dabbobi zai zo ya yi musu allurar mutuwa, mu sa su a jaka, a ƙone. Malam Isah ya duba wayarsa, ya ce mini Lahadin da za ta zo kafin Litinin ɗin ita ce Babbar Sallah.

Wata bakwai rabona da nama. Na shagonsu ban san wanda ya yanka ba, ban san ko an yanka ba ma. Burodi, dankali, kifin gwangwani, shi ke nan. Ga shi kullum ina shiga rumfar nan ina ganin wani rago, fari tas, ƙahonsa ya nannaɗe, ƙirjinsa ya cika. A Jega, kwana uku kafin Sallah, rago irin wannan sai mutane su kewaye shi suna kallo. Na buɗe bakinsa na duba haƙora. Na ja fatar idonsa. Na mammatsa gadon bayansa. Ba abin da ya same shi. Kuma jibi za a sa shi a wuta kamar tsumma.

Na faɗa wa Malam Isah abin da ke raina. Ya ce:

“Barunje, layya da abin sata ba ta karɓuwa.”

“Wa ya ce sata? Abin da anka yar bisa juji, in ka ɗauka, sata ka yi?”

“Ba a yar ba tukuna. Sai Litinin.”

“To mu jira Litinin mu ci mushe, tunda kai malami ne.”

Ya yi dariya ba da son ransa ba. Sannan ya ce, “Allurar da anka riƙa yi mai fa? Ni na riƙe shi da hannuna.”

“An yi wata biyu da dainawa. Kuma in akwai cuta jikin dabba, hanta ba ta ɓoye ta. Ka taɓa ganin na koya maka dashen albasa? To bar ni da aikina.”

“Ni dai ban kiran shi layya. Nama ne kawai.”

“Kira shi abin da ka ga dama, ɗan albasa, ka dai zo da cikinka.”

Ranar Lahadi ba kowa a wurin sai mai gadi, shi ma yana can ƙofa da rediyonsa. Muka yi sallar Idi mu biyu a bayan rumfa, shi liman, ni sahu. Na ba ragon ruwa, na kwantar da shi ya fuskanci alƙibla, na yanka. Hannuna bai manta ba. Na feɗe, na ciro huhu na hura, lafiya lau. Na ciro hanta na ɗaga ta a rana. Sumul, ja wur, ba ƙurji, ba tsutsa, ba tauri ko ɗaya. Na tsaga ta biyu na shinshina. Na rantse da Allah ban taɓa riƙe hanta mai kyanta ba. Fata da kai da kayan ciki na zuba su a jaka mai ruwan ɗorawa, na ƙara da duwatsu don nauyi, na kai ɗakin sanyi.

Mutumin da ya ce nama ne kawai, ashe tun asuba bai sa komai a bakinsa ba. Yadda aka saba a gida, mai layya ba ya karyawa sai da hantar abin da ya yanka. Na gane. Na gasa hantar a kan garwashi, na yayyanka albasa a kai, na tura masa duka. Barunje ba ya fara ci, kuma ni na ci hanta har ta gundure ni tun ina yaro. Haƙarƙari na ja gabana. Ya ci rabi yana lumshe ido, ya ce albasarsu ba ta da yaji, ruwa ce kawai, in ya koma Aliero sai ya sumbaci ƙasar gonarsa. Ragowar na ajiye masa, ya cinye a kwana biyu.

Litinin likitan dabbobi ya zo, na ce masa ɗaya ta mutu jiya, tana ɗakin sanyi. Ya ɗaga kafaɗa. Muka riƙe sha ukun ɗaya bayan ɗaya.

Laraba Malam Isah ya fara amai. Alhamis da safe na kalli idonsa, ya zama ruwan ɗorawa. Na ce masa ciwon shawara ne, irin na gida, zai wuce. Na dafa masa ruwan zafi da lemon tsami. Ya kama hannuna, ya ce, “Kar ka hwaɗi ma kowa. Kulle ka za su yi.”

Na so in ce nauyin maganarsa ne ya rufe mini baki. Ƙarya ne. Tsoro ne. Kwana biyu cur ina wanke kejin da babu komai a ciki, ina dawowa in tarar da shi ya ƙara rawaya, ina ce wa kaina gobe zai tashi.

Gwaggo ce ta leƙo ɗakinmu ranar Asabar ta kawo mana tumatir. Tana ganin fuskarsa ta saki ledar, ta fita da gudu tana kiran mai gadi. Motar asibiti ta zo. A asibitin suka yi ta tambayata da wayar da ke fassara magana: me ya ci, me ya sha, wane magani yake sha? Na ce burodi. Na ce dankali. Shi ma da aka tambaye shi, ya ce burodi. Suka ce sun ga yana da tsohon ciwon hanta da bai san da shi ba, amma wannan kaɗai ba zai kwantar da mutum haka cikin mako ɗaya ba, akwai wani abu, kuma in ba su san shi ba, lalube kawai suke yi.

Litinin da hantsi na shiga sabon ginin ba tare da an kira ni ba. Na tarar da Dokta gaban kwamfuta. Turancina ya ƙare tun kafin in fara, sai na rubuta mata lambar kunnen ragon a takarda, na ja yatsa a wuyana, na nuna cikina wajen dama, na nuna baki, na ce Isah.

Na ga mutane sun tsorata a rayuwata, ban taɓa ganin jini ya bar fuskar mutum haka ba. Ta ɗauki waya ta yi magana da sauri da sauri, tana karanto wasu abubuwa daga kwamfutar. Da ta ajiye, ta sa wayar fassara a tsakaninmu. Ta ce maganin da aka yi wa tumakin nan yana taruwa a hanta ya daɗe. Tunkiya ba ya yi mata komai, shi ya sa da farko suka ɗauka maganin lafiya lau ne. Sai da suka zuba shi a ɗan gilashin nan mai hantar mutum, ƙwayoyin suka fara mutuwa cikin 'yan kwanaki. Don haka aka dakatar da maganin, don haka aka ce a ƙone tumakin.

Na ce, amma na duba hantar, ba komai.

Ta ce, e, hantar rago ce.

Na ce, kun san haka tun watanni, don me ba wanda ya faɗa mana?

Ta ce an rubuta a ƙofar rumfa. Gaskiya ta faɗa, akwai wata takarda a ƙofar. Da yarensu. Wata biyu ina wuce ta.

Sannan ta tambaye ni tun yaushe ya fara ciwo. Na ce Laraba. Ta ƙirga da yatsunta, ta kalle ni kawai. Gara da ta zage ni.

An bar ni na ga Malam Isah sau ɗaya kafin 'yan sanda su tafi da ni kan maganar ragon. Cikinsa ya kumbura, muryarsa ta koma ta tsoho. Ya ce Dokta ta zo, ta roƙe shi, ɗan guntun hantar da aka cira da allura don a duba, ko zai yarda su raya shi a gilashi su ga yadda za a taimaki wani. Ya ce ya sa hannu da ajami.

“Ka gani, Barunje, ni ɗai ban rasa aiki ba wurin ga.”

Na ce, “Ka yafe mani.”

“Kai ka ɗura mani? Ni na ci da bakina. Kuma wallahi ta yi daɗi.”

Ina tsare ya rasu. Wasu Musulmin garin, 'yan tsiraru, su suka yi masa sutura, Gwaggo ta bi su har maƙabarta ta tsaya daga nesa. Dokta ce ta zo inda nake ta faɗa mini. Ta ce ba wanda zai iya rantsewa ko maganin ne ko tsohon ciwon, ko su biyun. Ta ce in na koma gida in riƙa zuwa ana duba jinina. Ta kuma ce ƙwayoyin nasa sun kama, suna raye. Ban san don me ta ga ya kamata in ji wannan ba. Mai riƙe da fasfo kuwa ba a ko kira sunansa ba. Bayan mako uku aka raka ni har kujerar jirgi.

Na yi wata guda a Jega ban je Aliero ba, ga shi tafiyar ba ta kai komai ba. Na koma kasuwa, amma duk hantar da na ciro sai in tura wa wani ya duba. Da na ga mutane sun fara magana, na hau mota na tafi.

Wan Malam Isah ya shigar da ni wurin mahaifiyarsu. Tsohuwa ce ƙarama, tana zaune a kan tabarma, idonta ba ya gani sosai. Na durƙusa na yi mata ta'aziyya, ta amsa. Ta sa aka kawo mini ruwa. Sannan ta ce kowa ya ba mu wuri.

“Ɗana, ka hwaɗa mani gaskiya. Mun ji can yanke mutane su kai in sun mutu. An rufe shi duka?”

Na ce, “Duka, Inna.”

Ta sauke numfashi, ta shafa fuska. Ta lalubo hannuna ta riƙe.

“Alhamdu lillahi. Ka san ran Sallah ya kira ni? Shina ta dariya. Ya ce, Inna, kar ki damu da ni, ina da wani barunje nan, ya gasa mani hanta, ya ba ni duka, ko yanki bai ɗauka ba. Tun ran nan nike son in gan ka. Yadda ka ciyar da ɗana a baƙon wuri, Allah shi ciyar da naka haka nan.”

Ta tsaya tana jiran amsa, hannuna a cikin nata.

Na ce amin.